Ranar da Tsumma Ya Fito Shuɗi

Ranar kasuwar Kunci da ta wuce, Nura jikan yayana marigayi Sale ya ɓata mini rai, ɓacin da har yau bai sake ni ba. Yana da durom biyu a bayan gidansu. Yakan sayo garin rini a leda, ya tafasa ruwa ya zazzaga, ya tsoma shadda, kafin la'asar ya shanya. Da wannan yake kiran kansa marini. Na tsaya ina kallonsa shi da abokansa, sai ya ɗago ya ce mini, "Tsoho, ashe wannan ce sana'ar da kuke ta cika mana baki da ita? Ai tsomawa ce da cirewa." Wannan ban damu ba, jika ne, an san bakinsu. Sai ya ƙara da cewa, "Ko da yake ku ma an ce ba ku tsira ba, tunda Kaka Sale har Buzu ya taɓa cuta da rinin ƙarya." Abokansa suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, a kan mutumin da ya haifi ubansa.

Shekara da shekaru ina jin wannan magana a gari ina haɗiyewa, saboda wani alkawari da na ɗaukar wa Yaya Sale. Alkawarin na tsawon ransa ne, kuma Allah ya karɓi abinsa. Yanzu da ƙaryar ta shigo har cikin gida, zan faɗi yadda aka yi. Amma sai na fara nuna muku mene ne rini, don wanda bai san rini ba ba zai gane abin da ya faru ba.

Aikin farko da Baffa Mamman, ƙanen mahaifinmu, ya ba ni a karofi shi ne yasar rami. Karofi shi ne filin da ramukan rini suke, namu yana gabas da gari, ƙarƙashin wani durumi. Rami ɗaya zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. Ka sauka da igiya, ka kwaso laka mai wari da ta kwanta a ƙasa, a dunƙula ta, a shanya, a ƙone. Ita ce katsi. Da ita ake haɗa laso, a cuɗa da gashin akuya da ruwan dafara mai danƙo, a shafe cikin ramin don kada ya sha ruwa. Da ita kuma ake ƙara wa sabon haɗi ƙarfi. Shekara biyu ina wannan, da jido ruwa, da tara toka gida-gida, ban taɓa tsoma ko zare ba. Hannuna bai yi shuɗi ba sai a shekara ta uku, kuma ranar da ya yi ban so in wanke ba.

Haɗa rami kuwa ba zazzaga leda ba ne. A cika shi da ruwa, a zuba busasshen baba, wato ganyen da ke ba da shuɗin, a zuba toka da katsi gwargwado, a kife da murfi. Safe da yamma a buɗe a tuƙa da muciya, doguwar sanda ce, a hankali ake juya ta. Sai a jira. Wani ramin kwana biyar, wani mako guda, wani ya yi maka taurin kai har ka fara zargin maƙwabta. Idan ya kama, za ka ga kumfa a sama mai ƙyalli ja-ja. To ko da ka ga kumfa ba ka da hurumin tsoma kayan mutane sai an yi gwaji. A yagi farin tsumma, a nutsar da shi, a ɗan jima, a ɗago. Idan ramin ya kama, tsumman tsanwa zai fito, launin ɗanyen ganye, sannan a idonka iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wannan rinin shi ke shiga cikin zare, ko jikanka ba zai wanke shi ba. Idan kuwa tsumma ya fito shuɗi tun daga cikin ruwa, ramin bai kama ba. Launin zai hau kan zane kamar gaske, amma aro ne, ruwan farko zai tafi da shi. Duk sana'ar tana cikin wannan ɗan lokacin da bai kai a karanta Fatiha ba.

Ku da kuke ganin ido ai ido ne, kowa na da biyu, ku saurara. Wata rana Baffa ya sa ni na ƙura wa wani jiƙaƙƙen zane ido har na fara hawaye, sannan ya ce in dubi farar rigarsa. Na duba, na ga ta yi rawaya-rawaya. Ya ce, "Idi, rigata ce ta sauya ko kai?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ka sani daga yau, launi rabi a jikin zane yake, rabi a cikin kanka. Rabin da ke cikin kanka maƙaryaci ne." Shi ya sa a karofinmu ba a yanke hukunci a kan zane yana jiƙe, ba a yi a tsakar rana, ba a yi kusa da jan kaya. Kuma kafin ka duba sai ka juya ka kalli tulin toka na ɗan lokaci. Wanke ido muke ce masa.

Na tuna wata Inna Mairo da ta dawo mana da zane tana faɗa tun daga bakin hanya, wai mun ba ta koɗaɗɗen abu. Ashe a kan wata baƙar riga ta mijinta ta ɗora shi a ɗaki, kusa da baƙin sai ta ga kamar ya yi fari-fari. Yaya Sale ya karɓa, ya kai inuwa, ya shimfiɗa shi a kan farin alawayyo. Nan take zanen ya yi duhu, ya yi kyau. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Kun musanya mini." Sai da muka mayar da shi kan baƙin zane ta gani da idonta, sannan ta tafi tana cewa marina duk bokaye ne.

Yaya Sale ya ba ni shekara takwas, kuma idonsa ba irin namu ba ne. Ka jera masa rawani goma da duk muke rantsuwa iri ɗaya ne, zai zare biyu ya ce wannan ya karkata ja, wannan bai ƙoshi ba. Mutum ya wuce a hanya, zai gaya maka karofin da ya rina rigarsa. Baffa kan lashi ruwan rami da harshe kafin gwaji, Yaya kuwa dariya yake yi masa, yana cewa mai ido ba ya lasar rami. Da Baffa ya rasu, shi ya zama babba. A al'adar karofi baki ɗaya ne ke cewa "ya yi", bakin babba. Ƙarami ba ya cewa ya yi, ba ya cewa bai yi ba, balle a gaban mai kaya. Al'adar tana da dalili, don mai kaya sunan mutum ɗaya yake biyowa. Na girma a cikinta, ban taɓa tunanin akwai ranar da za ta cuce mu ba.

Sai aka shiga shekarun fari. Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Baban da muke shukawa a gefen gonaki ya ƙone tun yana ƙarami, wanda ya tsira awaki suka cinye, ba wanda ke da ƙarfin hana su. Rijiyoyin gari suka ja baya. Marina suka yi ta kife ramukansu suna tafiya birni cin rani, wasu ba su dawo ba har yau. Karofin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya koma mu biyu, ni da Yaya. Abin da ya rage mana a rumbu busasshen baba ne na rami ɗaya tak. Mun ƙi taɓa shi, muna jiran aikin da ya cancanta.

Aikin ya zo tare da Agali. Agali Buzu ne, tun zamanin Baffa yake kawo mana farin yadi mu rina masa rawuna ya kai arewa. Da can da ayarin raƙuma yake zuwa. Wannan karon da raƙumi ɗaya ya zo, shi ma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Dabbobinsa sun mutu, abin da ya tsira ya sayar, ya sayi farin yadi a birni. Ya sauke ƙunshin a gindin durumi ya ce, "Malam Sale, wannan shi ne ni, shi ne iyalina. Na wuce karofi uku a hanya ban tsaya ba. Idonka na kawo wa." Yaya ya ce, "In Allah ya yarda ba za ka ji kunya ba."

Ruwan da muka cika ramin da shi daga wata rijiya mai nisa muka yi ta jido shi a kan jaki, cikin zafin bazara. A sahu na ƙarshe Yaya ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Muka kai shi gida, ya kwana biyu yana kukan ciwon ƙeya. Rana ta uku ya miƙe. Hannu lafiya, ƙafa lafiya, magana ba gargada. Muka yi hamdala. Na dai lura ya rage cin abinci, yakan zauna ya zura wa tuwo ido. Na kuma lura mutane na wucewa ba ya tanka rigar kowa. Na ce gajiya ce.

Ramin nan ya yi mana nawa. Ruwan rijiyar yana da ɗan gishiri-gishiri, tokar ma ba ta da ƙarfi. Kwana shida kumfa kaɗan ce a sama. Agali kuwa kullum yana gindin durumi, Buzayen da za su koma arewa tare da shi sun ce ba za su daɗe suna jira ba, kuma hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Da hantsin rana ta bakwai Yaya ya yagi tsumma, ya durƙusa, ya nutsar. Ina tsaye a bayansa riƙe da muciya. Ya ɗago.

Shuɗi ya fito. Ko ɗigon tsanwa babu.

Yaya ya riƙe shi a gaban fuskarsa ya daɗe, fiye da yadda ya saba. Ya juya shi. Sannan ya ce, "Ya yi." Agali ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah.

Ni na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma nan take na shiga nema wa kaina mafita. Na ce wataƙila idona ne, tun safe nake kallon bakin rami. Na juya na kalli tulin toka, na dawo, tsumma shuɗi ne, to ai ko mai kyau ne yanzu shuɗi zai kasance, ba sauran shaida. Na ce ni wane ne da zan gyara wa Sale ido, a gaban baƙo, a karofin Baffa. Na ja bakina na yi shiru, na je na kwance ƙunshin Agali da hannuna.

Kwana uku muna tsomawa muna shanyawa. Launi ya hau, ya yi duhu. Muka kai mabuga aka buge su da shuni har suna ɗaukar ido. Ramin kuwa da muka dame shi tun bai kama ba, ya lalace gaba ɗaya, baban ƙarshe ya tafi. Agali ya ɗaure kayansa ya yi mana addu'a ya tafi. Bayan kwana huɗu sai ga shi ya dawo shi kaɗai. Salkar ruwansa ce ta yi yoyo a kan kayan. Bai yi ihu ba. Ya jira sai da mutane suka taru, ya nemi ƙwarya da ruwa, ya zaro rawani ɗaya ya tsoma, ya matse. Ruwa ya koma baƙi, rawani ya fito fari-fari, dabbare-dabbare, ba ya kama da rinanne a ido, ba ya sayuwa a matsayin fari. Ya ce, "Malam Sale, da ɓarayi ne suka tare ni a hanya, da na san abin da zan gaya wa 'ya'yana. Yanzu me zan ce musu?" Yaya ya sunkuyar da kai. Ba mu da baban da za mu sake, ba mu da abin da za mu ba shi sai ɗan geron da muka auna masa, shi ma ya ƙi karɓa. Ya jefar da jiƙaƙƙen rawanin a gaban Yaya, ya ja raƙuminsa. Kafin azahar gari ya ɗauka, Sale ya ɓoye baba ya yi wa Buzu rinin ƙarya.

Da mutane suka watse, muka rage mu biyu. Yaya ya ɗaga kai ya dubi durumin ya ce, "Idi, ganyen nan ya bushe ne?" Na ce, "Ɗanye ne shar, Yaya." Ya ce, "To tun ranar da na tashi daga ciwon nan, haka nake ganin komai. Ina ganinka, ina ganin tururuwa a ƙasa. Amma duniya duk toka ce. Miya toka, jini toka, sama toka. Na ɗauka zai wuce. Da na ɗago tsumman na ga ya yi duhu, sai na ce bari in dogara ga Allah da ƙirgen kwanaki."

Bayan kaka na kai shi asibiti a birni. Likitan ya haska idon, ya nuna masa wasu takardu masu ɗige-ɗige, ya yi ta tambaya. Daga ƙarshe ya ce idon lafiyarsa ƙalau. Ya ce ido ƙofa ce kawai, haske ke shiga ta nan, amma wurin da ake rarrabe ja da tsanwa da shuɗi yana can baya cikin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Jini ne ya yanke wa wurin ranar da ya faɗi, kuma da wuya ya dawo. Na tuna maganar Baffa ta rabin da ke cikin kai. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya riga likita faɗa, sai dai bai gaya mana rabin yana iya mutuwa ya bar mutum a tsaye ba.

A tashar mota Yaya ya kama hannuna ya ce, "Ka yi mini alkawari, muddin ina raye ba wanda zai ji." Na ce, "Yaya, ana ce maka macuci fa." Ya ce, "Macuci yana tuba a sake kawo masa kaya. Marinin da ba ya ganin launi wa zai kawo wa ko hula? Gida biyu ke ci daga ramin nan." Na yi masa alkawarin. Uban Nura yana goye a lokacin, da wannan ramin aka yaye shi.

Da ruwa ya dawo muka sake shuka baba, muka ɓullo da dabara. Yaya zai durƙusa ya ɗago tsumma, ni ina bayansa da muciya. Idan tsanwa ya fito, in buga gindinta sau biyu a bakin rami kamar mai kakkaɓe laka, shi kuma ya ce "ya yi". Idan bai ji bugu ba, ya ce a ƙara kwana. Mutumin da ke yi wa Baffa dariya ya koma lasar rami, yana shanshanawa, yana murza ruwan a yatsa, har ya kai yakan riga muciyata sanin amsa. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka, ba wanda ya gane, ba zanen da ya sake zuba. Masu kaya suka dawo kaɗan-kaɗan, amma sunan bai goge ba. Mutanen da suka sa rigunan da ya rina suka je sallar idi, su ne in an yi hira sai su ce, ai ka san halin Sale. Daga ramin farko da ya kama, Yaya ya rina rawuna daidai adadin na Agali ya ajiye a akwati. Duk Buzun da ya wuce sai ya tambaye shi. Ba wanda ya taɓa ba mu labarinsa. Rawunan suna ɗakina yanzu.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi, na fito da shi inuwa yana jingine da bango. Sai ya ce, "Idi, akwai abin da ban taɓa tambayarka ba. Ranar gwajin Agali kana bayana. Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Yaya."

"Shuɗi ya fito?"

"Shuɗi."

"Kuma ka yi shiru."

Na ce, "Kai ne babba."

Ya gyaɗa kai. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Da ko tari ka yi, da na ce a ƙara kwana. Ina durƙushe a nan ina jira wani ya hana ni." Bayan kwana tara ya rasu.

Saboda haka, Nura, da ku abokan dariyarsa, ku ci gaba da tafasa ledarku, ban hana ku neman abinci ba. Amma kada in sake jin sunan Sale a bakinku da kalmar cuta. Ranar nan mutum biyu ne a bakin ramin. Ɗaya ba ya gani, ya yi magana don ba shi da zaɓi. Ɗaya idonsa garau, ya tsaya riƙe da muciya yana kiyaye ladabi har aka kashe Agali a tsaye. Idan kuna neman wanda za ku nuna da yatsa, bai mutu ba. Kullum da hantsi yana zaune a gindin durumi, kusa da ramukan da kuka cika da shara, sunansa Idi.